Goyon da Bai Haye Ba

A gidanmu na Roni, kakata Iya ba ta fara tatsuniya sai wutar kara ta lafa a murhu. Wai harshen wuta ɗan gulma ne. Ni take kira angonta, kuma ni ta fi tsoratarwa.

"Matso nan, ango, matsoracin banza. Yau ma ga ta ta zo muku."

Wai ruwa ne ya ci wani gari. Mutanen suka taru a gindin dutse, sai aljanin dutsen ya ce zai haye da su tudu, amma sai sun jeru, kowa shi kaɗai a sahunsa. Suka jeru, suka rufe ido. Da suka buɗe, ga su a tudu, ko ƙafa ba su jiƙa ba. Ana cikin murna wata mata ta kai hannu baya. Zani a ɗaure, majanyi na nan, goyo babu. Duk masu goyo haka.

"Ai bai yi musu ƙarya ba," in ji Iya. "Masu tsayuwa da ƙafarsu ya ɗauka. Ba wanda ya ce masa akwai mutum a jikin mutum."

Daga nan sai ta shafa bayanta, ta yi shiru. Sai da na girma Baba ya gaya mini ta taɓa dawowa daga Gwiwa a ƙafa, goyonta ya cika a hanya ba ta sani ba.

Yanzu a Kazaure nake, aikina juya bayanai daga wani tsari zuwa wani. Bana aka turo mini na matan ƙauyuka don rabon maganin zazzaɓin yara. A wani tsari da ake kira JSON suka zo, kowane jariri na cikin bayanin uwarsa. Ana son su a CSV, wato a jere, layi-layi. Na buga umarni a baƙin allon kwamfuta, ta gama ba ƙorafi.

"Malam, tura mana, masu rabo suna jira," in ji abokin aikina.

Sai na ji hannuna ya tafi bayana. Na buɗe abin da ya fito: uwaye duk sun haye, jarirai ko ɗaya. Duk yaron da ba shi a jerin nan ba za a kai masa magani ba, ga damina ta kankama.

Na sake umarnin, na ba kowane goyo layinsa.

Har yau kwamfuta ba ta ba ni tsoro in ta yi kuka. Shirunta nake tsoro, don irin na Iya ne.