Ilu Mai Guguwa da Ɓallin Kasko

Duk wanda ya taɓa kai niƙa wajen Yaya Ilu a Dutsin-Ma ya san ƙusar nan. Doguwar ƙusa ce ya kafa a jikin ƙyauren rumfar injinsa, kuma ba ka shiga sai ka tuɓe babbar riga ka rataye a kanta. Mata kuwa daga waje suke miƙo ƙwarya, don mayafi ma bai yarda da shi ba. Ni da nake bi masa, uwa ɗaya uba ɗaya, ban taɓa samun sassauci ba.

Wata rana wani Alhaji mai fataucin shanu, bai daɗe da dawowa daga Makka ba, ya zo ganin injin cikin riga mai aska takwas. Yaya Ilu ya gaishe shi har ƙasa, sannan ya nuna masa ƙusa. Alhaji ya ɓata rai, ya tambaye shi ko bai gane shi ba ne.

"Ni na gane ka sarai, Alhaji. Bel ɗin injin can ne bai san ka ba. In ya kama hannun rigarka, har da kai zai naɗe."

Haka Alhaji ya zaga injin daga shi sai 'yar shara, tumbi a gaba, yana gyaɗa kai.

Ku da kuka taso daga baya kun ji ana ce masa Mai Guguwa, wataƙila ba ku san dalili ba. Yaya Ilu ya yi shekaru yana aiki a gidan gurzar auduga, can ya koyi inji. Jim kaɗan bayan samun mulkin kai ya dawo gida da tsohon injin niƙa da wani ƙaton mazurari na ƙarfe, ya fi mutum tsawo. Inji ya huro gari da iska cikinsa, su yi ta juyawa, gari ya zubo ƙasa cikin buhu, iska ta fice ta sama. Shi ya sa mutane suka sa wa mazurarin suna Guguwa. Da ita ba ka fita daga rumfa fari fat kamar an tono ka, garinka kuma ba ya bin iska.

Matsalarta ɗaya, yashi. Geron ƙasarmu a ƙasa ake sussukarsa, yashin da ke ciki ya yi ta gogar ƙarfen har ya huda shi. Aka ba shi shawara ya tafi Kano ya sayo sabuwa. Yaya Ilu da sayen sabo! Mutumin da takalminsa na taya ya sha ɗinki har ba a san asalinsa ba. Ya ce ya taɓa ganin irinta da aka shafe cikinta da tangaran, kuma tangaran ai ɗan'uwan tukunya ne. Ya hau keke ya tafi Rawayau wajen Inna Kande mai ginin tukwane, ya sa ta yi masa ƙananan kasake masu faɗin tafin hannu, a gasa su sau biyu. Da suka fito ya zauna yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya da zobensa, wanda bai yi ƙara mai kyau ba ya ture gefe. Inna Kande ta ce tun da take ba ta taɓa ganin namiji mai tsirfa irinsa ba, ko amarya ba ta zaɓen kayan ɗaki haka. Ya jera su a cikin Guguwa da siminti, ya goge har suka yi sumul. Yashi bai sake cin ta ba.

Daga nan dokoki suka ƙaru. In zai leƙa cikinta sai ya kashe inji, ya jira ƙura ta kwanta, ya ɗaure hanci da rawani, sannan ya ɗaura hannun tayar da injin a ƙugunsa da igiya, don kada wani ya tayar da injin alhali kansa na ciki. Da shi yake zuwa masallaci, yana ruku'u ƙarfe na bugun ƙasa. Mai taba kuwa ko inuwar rumfar ba ya zama. Babbar doka ita ce ba a dukan Guguwa.

Ni na taka wannan. Na kawo dawata da sauran danshi, gari ya toshe wuyanta, na ɗauki taɓarya na kai mata duka biyu. Bai yi faɗa ba. Ya kashe inji, ya kama hannuna har gidana, ya tsayar da ni gaban randar matata Hajo, ita kuma tana tsaye tana kallonmu. Ya miƙo mini taɓaryar ya ce in yi wa randar irin wanda na yi. Na ce Yaya ai sai ta fashe.

"To tawa ma randa ce. Wandon ƙarfe kawai na sa mata."

Amma abin da nake so jikokinsa su riƙe shi ne na wata ranar kasuwa. Ana cikin cunkoso, ƙore sun yi layi har bakin hanya, sai ya ce ya ji ƙarar Guguwa ta sauya. Mu ba mu ji komai ba. Ya kashe inji, ya yi duk hidimarsa, ya leƙa. Kasko ɗaya ya ɓalle a gefe, ɓallin kamar farcen babban yatsa, kuma babu shi a ciki. Ke nan yana cikin garin wani.

Na ce masa a yi shiru, ai duk mace tana tankaɗe. Ya dube ni ya ce in wata ta yi sauri ba ta tankaɗe ba fa, ɗan wa zai haɗiye shi? Ya sa aka yi shela a kasuwa, duk wanda ya yi niƙa ranar ya dawo da garinsa. Ya zauna da rariya yana tankaɗewa da kansa, mutane na dariya, wasu na masifa. Ba a samu ba. Saura buhu biyu na wani manomi, Malam Audu, wanda ya riga ya bi motar 'yan Kurfi, zai kai Tamawa don sunan ɗansa washegari.

Yaya Ilu ya rataya rariya a baya ya hau keke. Na bi shi a nawa, ina zagin kaina a zuci. Mun isa Tamawa da la'asar sakaliya. Baƙi sun fara taruwa, mata sun ɗora ruwan tuwo. Ya yi sallama da Malam Audu ya faɗa masa gaskiya, bai rage komai ba, ya roƙi a dakata da talge. Aka fito da buhunan ƙofar gida, ya shimfiɗa tabarma ya fara tankaɗe a gaban dattawan gari, matan gida na leƙe ta zana suna ƙyaƙyatawa, wai ga ƙato da rariya. Buhun farko babu. Sai can gindin na biyu muka ji ƙaras. Ya ɗaga shi sama, jan kasko mai kaifi kamar aska.

Malam Audu ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Ya ce a bar masa ɓallin ya ajiye, ya nuna wa yaron in ya girma. Yaya Ilu ya hure garin da ke jikin ɓallin, ya ƙulle a bakin rawani.

"A'a, Malam. Gari ne naka. Wannan kayana ne."

Da muka dawo ya rufe rumfa kwana huɗu, ya sauya kaskon, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Tun daga lokacin mutanen Kurfi da ƙauyukanta ba su kai niƙa ko'ina sai wajensa.

Ni na yi masa wanka ranar da ya rasu. Ina wanke hannuwansa sai na ga ina ƙirga yatsun. Goma cif, babu ko tabo. Masu inji na zamaninsa da wuya ka samu ko mai yatsu tara, kuma a rumfarsa ba a taɓa ɗaukar kowa da jini ba. A nan ne kuka ya zo mini.

Allah Ya jiƙan Yaya Ilu, Ya haskaka kabarinsa. Yadda ya tsare 'ya'yan mutane, Allah Ya tsare masa nasa.