Ajiya a Kabad ɗin Wilma

Duk layin nan na 'yan Furotesta a gabashin Belfast babu wanda bai taɓa cin kifi da dankalin da Wilma Purdy ta soya ba. Tun tana budurwa ta shiga masaƙa, inji ya cinye mata yatsa ɗaya, da aka rufe masaƙar ta koma shagon suya na bakin layi, hannuwanta duk tabon mai. Gajeriya ce, bakinta kuwa ya fi ta tsawo. A gidan da take ciki aka haife ta, a ciki ta yi aure, daga ciki aka fitar da gawar mijinta Sammy. Kowace safiya sai ta durƙusa ta wanke dandamalin ƙofar, in aka yi mata maganar gwiwarta ta ce gidan nan sai dai a fitar da ita a makara.

Ɗa ɗaya ta haifa, Trevor. Ranar da ya ce zai auri Nuala, 'yar Katolika daga yammacin gari, a lokacin da Furotesta da Katolika ke kashe juna, Sammy ya zare bel ɗinsa ya dinga zabga masa ta gefen ƙarfen har ya tsaga masa gira, ya wurgo akwatinsa ta taga. Samarin layi suka ƙarasa aikin a bayan mashaya, suka karya masa haƙarƙari. Trevor ya tsallaka can bai sake waiwayowa ba. Wilma ta goge jinin ɗanta daga ƙasan falo ba ta ce uffan ba, kuma shirun nan ya ci ta shekara da shekaru. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sammy na mutuwa ta fara sulalewa zuwa can, in maƙwabta sun tambaya ta ce asibiti za ta, a duba mata gwiwa.

Jikoki uku ta tarar, kuma duka ukun da harshen Airish suke magana, a gida da makaranta. Abin bai yi mata daɗi ba ko kaɗan. A saninta harshen 'yan tawayen Katolika ne, wanda ake rubutawa a bango in an kashe wani. Sai dai wata rana ta ga babbar, Orla, tana karanta wasu takardu da aka kwafa da hannu aka ɗinke da zare, duk sun tsufa sun yi laushi. Nuala ta ce makarantar ba ta da littattafai, abin da ake da shi ke nan. Wilma ta yi tsaki. Jikarta ce za ta riƙa karanta tsumma?

Ana saura makonni kaɗan Kirsimeti ta kama hanyar shagon da ake sayar da irin littattafan. Bas ɗin da ta shiga ma bai kai ta ba. Wasu yara masu rufaffiyar fuska suka tare shi, suka fasa wa direban baki da gindin bindiga, suka kori kowa, suka banka wa motar wuta. Ta ƙarasa da ƙafa tana ɗingishi tana tsine musu. Shagon ɗan ɗaki ne a saman bene, ƙofar da ragar ƙarfe, sai ka danna ƙararrawa an leƙo ka. Wani tsoho mai suna Devenney ya buɗe mata.

"Baba, littafin yara nake nema. Kada ka yi mini yaren nan naku, ba ji nake ba."

"Ai kina buɗe baki na san daga inda kika fito. Shigo, Uwargida, ba za mu cinye ki ba. Yau Juma'a, mu Katolika kifi muke ci."

"Kifin ma in ba ni na soya ba, asara kuka yi."

Ya yi dariya ya tambaye ta shekarun yaran. Ta ce ƙaramar, Sorcha, uku gare ta, kuma duk abin da ta samu baki take kai shi. Ya miƙo mata wani mai kaurin kwali, da hoton agwagwa. Wilma ta kai shi baki ta gartsa masa haƙori, ta duba, ta ce wannan zai yi. Na Fintan mai shekara takwas bai ba ta wahala ba, tana ganin jirgin ruwa da kare a bango ta ce a ajiye mata. Na Orla ne ya tsaya mata a rai. Yarinya ta kai sha uku, tsohon ya ɗauko wani mai kauri, babu hoto ko ɗaya, baƙi ne kawai jere kamar tururuwa.

"Tsakaninka da Allah, babu bom a ciki? Babu Fafaroma?"

"Ko ɗaya babu. Labari ne na 'yan mata."

"Ka cuce ni, Allah ya isa."

"Na cuce ki, ki dawo ki gartsa mini haƙori irin na ɗazu."

Ta tura su ƙasan jakar cefane, ta rufe da kabeji. A gida ta naɗe su da takardar kyauta mai jan tsuntsu, wadda kowace mace a layin ta saya a kantin kwana, don ita kaɗai ce ake sayarwa. Ta kai su kabad ɗinta na sama.

To, kabad ɗin nan ba nata ba ne ita kaɗai in Kirsimeti ya matso. Al'adar layin ce, uwa ba ta ɓoye kyautar Kirsimetin yara, wadda ake ce musu Santa ne ya kawo, a gidanta, don yaran Belfast ko a cikin bututun hayaƙi ka sa abu sai sun tono shi. Gidan da babu yara ake kaiwa. Shekara da shekaru kabad ɗin Wilma ne rumbun layin, kuma ta fi kowa alfahari da haka. Maƙwabciyarta Doreen Magill, wadda Wilma ce ta karɓi haihuwar 'ya'yanta biyu, ita ta fi kowa ajiya a ciki. Jajibirin Kirsimeti da rana Wilma na shago ana layin suya har waje. Doreen ta zura hannu ta kafar jefa wasiƙa da ke jikin ƙofar Wilma ta jawo makullin da ke rataye da igiya, kamar yadda ta saba, ta hau sama ta kwashe duk ƙunshin da ta gani mai jan tsuntsu. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wilma ta dawo a gajiye, ko kabad ɗin ba ta buɗe ba.

Da safe tana shan shayi, ta riga ta sa rigar coci, ta ji an daki ƙofa da ƙafa har sakata ta tashi. Rab ne, mijin Doreen, da singileti da silifas, littattafan uku a hannunsa. Bara waccan bom ɗin 'yan wancan ɓangaren ya tashi da ƙanensa a wata mashaya, a leda aka kawo abin da aka samu, tun daga nan Rab bai sake zama mutum ba. A bayansa mazan layin ne, wasu da hular takarda ta biki a ka.

"Misis Purdy, 'yata ta buɗe wannan a gabana. A gidana! Mene ne wannan?"

"Littafi ne, Rab. Ko giyar jiya ta makantar da kai?"

"Karanta mini."

"Ban iya ba."

"Ba ki iya ba, amma kin iya ɓoyewa. Saƙon wa kike kaiwa? Asibitin da kike zuwa ke nan?"

"Na jikokina ne, ɗan banza. Ni na wanke maka kashi, yau ni za ka tsare a gidan ubana?"

Da littafin Orla ya mare ta, da gefen da ke da kauri. Ta ji hancinta ya yi ƙas, jini ya ɓalle a kan rigar coci. Ta faɗi ta bugi matakalar bene, goshinta ya tsage. Duk da haka da ya sunkuyo ta cafke littafin da hannu biyu, hannun da ya saba ɗaga tukunyar mai. Ya ja, ta ja, ya taka mata wuyan hannu da silifas, ta cije shi a ƙauri. Littafin ya rabe biyu daga ɗinki. Rabin da ya rage a hannunsa ya yi jifa da shi ya faɗa ƙarƙashin bene, aka ja ta da ƙafa zuwa titi.

Sauran aikin ba su ɓata lokaci ba, don sun saba. Bulo ya shiga tagogi. Aka fasa wurin wanke-wanke da guduma, ruwa ya malalo ta ƙofa. Aka turo katifa da kujeru da hoton bikinta ta tagar sama, kabad ɗin da ya ƙi fita aka sassare shi aka jefo shi guntu-guntu. Wani ya kawo fetur. Agwagwar Sorcha da jirgin Fintan su aka fara sawa a wutar. Yara suka fito da sababbin kekuna suna zagaya hayaƙin. Mutanen da ta ciyar bashi ranar da babu aiki, ba wanda ya ce a bari, kuma wannan ya fi mata ciwo a kan hancin. Ta ɗaga kai ta hango Doreen a bakin ƙofa, hannu a baki, tana kuka.

"Doreen! Ke ma kallo za ki yi?"

Doreen ta koma ciki ta rufe ƙofa.

Rab ya tsaya a kan dandamalin da ta wanke da safen nan. "Daga yau gidan nan ba naki ba ne. Akwai masu amana da ke neman wurin zama. In na sake ganinki a layin nan, wallahi a gwiwa za ki ji, ki sami dalilin zuwa asibiti na gaske."

Ranar Kirsimeti babu bas. Da ƙafa ta ratsa gari, takalmi ɗaya babu maɗauri, rabin littafin a cikin riga. Sojojin da ke shingen da ya raba gabas da yamma suka dube ta, suka dubi jinin, suka ɗaga mata ƙarfe ba tambaya. Trevor ne ya buɗe ƙofa da wuƙar yanka talotalo a hannu. Da ya ga fuskarta ya yi wata ƙara, ya nufi titi da wuƙar, sai da Nuala ta rataye a wuyansa.

"Ina za ka? Su kashe ka su ƙara mata? Koma ciki ka kawo ruwan zafi!"

Nuala ce ta wanke mata fuska, ta danne goshin da tawul har jinin ya tsaya. Ƙananan suka maƙale a bayan kujera suna leƙe. Wilma ta zaro rabin littafin ta miƙa wa Orla, bangon duk shatin yatsunta.

"Ungo. Na ƙannenki sun ƙone. Wannan ma ki yi haƙuri da shi."

Yarinyar ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ta fara karantawa a fili. Wilma ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Ta dai ji muryar tana hawa tana sauka, ta ga yarinyar ta yi dariya a wani wuri, Nuala ma ta murmusa daga bakin kicin. Abinci ya huce a tebur ba wanda ya taɓa. Can ta taɓa kan Orla.

"Wai me ake cewa a ciki?"

"Wata yarinya ce, Kaka, ta sace jakin kawunta za ta kai shi gasar tsere. Jakin ya ƙi tafiya."

"Jaki?"

"Jaki."

Orla ta ci gaba ita kaɗai, tana juya shafi da sauri, har ta kai inda zare ya tsinke. Ta juya bayan, ta duba ƙasa, ta ɗago kai.

"Kaka, a tsakiyar magana ya tsaya. Ina sauran?"

"Yana gida," in ji Wilma. "Gobe in na koma..."

Trevor ya juya ya fuskanci bango. Tun safe ba ta zubar da hawaye ba, ko da aka taka mata hannu, sai yanzu ta ja tawul ɗin ta rufe fuskarta.