Rigar Da Na Warware

Shekarar nan na sha wuya, kuma abin da na yi da hannuna a cikinta ba zan taɓa mantawa da shi ba. Mai ɗakina ta rasu da damina, lokacin da ruwa ke shigo mana har tsakar ɗaki a unguwar New Bell ta Douala. Ta bar 'yarmu ta fari da cikin wata shida.

Ita ta koya mini saƙa. Na faɗo daga bensikin, wato babur ɗin haya, a Ndokoti, ƙafa ta karye, na yi wata uku a zaune, sai ta miƙo mini tsinken saƙa ta ce in rage mata mita. Abokaina sun yi ta dariya a ƙofar masallaci, wani ma ya ce saura in ɗaura zani. Ban daina ba. Ko yanzu akwai hula da safa a leda da ban gama ba.

Bayan arba'in na buɗe kwandonta, na tarar da rigar ulu ta jariri, shuɗiya. Ta gama baya da hannu ɗaya, zare ya ƙare mata. A gidajenmu duk zafin Douala sai an sa wa jariri irin wannan riga ranar suna. Na ce ni zan ƙarasa.

Na je Kasuwar Dakar da ke nan cikin Douala. Mai sayar da zaren ta tambaye ni takardar da ake naɗe ƙullin da ita, wai akwai lambar rini a jiki. Ni da ban yi nisa a boko ba, tuni na share ta da shara. Na zaɓa da ido a ƙarƙashin rumfarta ta tamfol. Sai da na saƙa gaba duka na fito da rigar rana, na ga shuɗi iri biyu, na marigayiya mai duhu, nawa kamar ya sha wanki. Na koma kasuwa sau uku, babu irin nata.

Ni mutum ne da ba na son aiki mai faci. Ban shawarci kowa ba. Na kama bakin zarenta na ja. Abin da ta yi makonni tana saƙawa a kan gadon jinya, kafin a kira la'asar ya zama tulin zare a cinyata. Na sake saƙa rigar daga farko da sabon zare. Ta fito sumul, har ina jin daɗin kaina.

Ana gobe suna na kai wa 'yata. Ta karɓa, ta juya ta ciki da waje, tana lalube wajen kafaɗa. Ashe ta san akwai inda hannun uwarta ya yi rawa ta tsallake ido biyu, har sun yi dariyar abin tare a asibiti.

"Baba, wane gefen ne na Inna?"

Na gaya mata gaskiya. Ba ta yi kuka ba. Ta ninke rigar a hankali ta ce, "An gode, Baba. Ta yi kyau."

Ranar suna aka sa wa yaron. Ina zaune a waje ina jin mata suna yabawa, suna cewa hannun marigayiya ba ya ɓuya. 'Yata ba ta gyara musu ba, ni ma ban iya ba. Shinkafar da aka kawo mini haka aka ɗauke ta.

A ranar na gane abin da mamaci ya bari ba na mutum ɗaya ba ne, kuma ba a gyara shi sai an tambayi sauran masu shi. Na gane a makare.

Washegari bayan asuba na ɗauko zaren da na warware. Masu saƙa kan jiƙa irinsa a ruwan ɗumi don ya miƙe. Ban jiƙa ba, na bar shi da lanƙwasar da hannunta ya yi masa. Na sa shi a leda na kai gidan 'yata, na miƙa mata a bakin ƙofa, na wuce wurin aiki.