Littafin da Aka Raba Kamar Huluna

Shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar maigidana, Mushe Isufu, yadda ake kiran malaman boko a wurinmu, malamin lakol, wato makarantar boko, a Gazawa. Ban taɓa kiran sunansa da bakina ba yana raye, yau ma da ƙyar hannuna ya yarda ya rubuta shi. Amma autarmu Rakiya ta ce tunda sunan ya riga ya hau yanar gizo kowa yana gani, ba laifi in uwarta ta sa shi a jarida sau ɗaya.

Waɗanda suka san shi sun san shi da alli da allo. Ni kuma na san shi da wani abu daban. A lokacin da aka yi babban taron ƙasa, jam'iyyu suka fito, bakin kowa ya buɗe, a lokacin ne sha'awar rubuta littafi ta kama shi. Akwai wata jaridar Hausa da ke zuwa daga hayin iyaka, tana da shafi guda na koya wa mutane yadda ake rubuta ƙagaggen labari. Wani direban motar haya ne ke kawo masa ita ranar kasuwa, in ya tuna. In bai tuna ba, sai darasi ya wuce. Wani lokaci tsohuwar jarida ce ke isowa bayan sabuwa, har ya zama Malam ya koyi yadda ake rufe labari kafin ya koyi yadda ake buɗe shi. Yakan yi dariya ya ce shi ɗalibi ne da ya shiga aji ta taga.

Bai ɗauki abin da wasa ba. Yana yanke shafin da reza, ya karanta, ya ja layi da jan bik, wato biro, kamar yana gyaran aikin ɗalibai. Darasin da ya fi riƙewa shi ne wanda ya ce marubuci ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi a gaban wanda ba zai ji kunyar gaya masa gaskiya ba. Ya duba Gazawa duka, bai ga wanda ya kai ni rashin kunyarsa ba. Saboda haka bayan la'asar, ina ɓarar gyaɗa a tsakar gida, yana kan kujera yana karanto mini.

Labarin wani mai gyaran rediyo ne, wanda duk jam'iyyar da ta zo gari sai ya karɓi hularta, ya hau motarta yana riƙe mata lasifika, har ya manta da gonarsa da iyalinsa. Mun yi dariya ƙwarai a kan wannan mutum, domin akwai irinsa a kowace unguwa a shekarun nan. Malam yana rubutawa ne a kaye, wato littafin rubutu irin na 'yan lakol, kowane babi da nasa, kuma bai sa musu lamba ba. Da launin bango yake gane su.

A kan ƙarshen labarin ne muka saɓa. Shi ya sa mai rediyo ya mutu a hanya, an bar shi a wani ƙauye da ba a san shi ba, motar jam'iyya ta wuce. Na ajiye gyaɗata na ce, "Haba Malam, mutumin da muka sha dariya da shi wata da watanni, sai ka yar da shi a daji? Mai da shi gida, matarsa ta yi masa faɗa, ya ci tuwo."

Ya ce, "Ke kina jin tausayinsa, su waɗanda yake wa ihu ba su ji."

Na ce to ni kunnena ba ya son wannan. Ya rufe kayen ya ce zai sake dubawa. Ban san ko ya sake ba. Ciwo ya shigo gidan, aka koma neman magani, aka bar zancen littafi.

Da ya rasu ina cikin takaba, a ɗaki. A al'adarmu, bayan an yi sadaka, ana raba wa dangi tufafin mamaci, wannan riga, wancan hula, don kowa ya riƙa tunawa yana yi masa addu'a. Manya suka buɗe akwatinsa suka tarar da kaye a jere, cike da rubutun hannunsa. Ba wanda ya yi nufin ɓarna. Sun ga abin da ya fi kusa da zuciyarsa, suka ga bai kamata mutum ɗaya ya riƙe ba. Aka raba su yadda aka raba hulunan. Wani ya tafi Agye, wani Cadakori, wasu Gidan Rumji. Lokacin da na fito na ji, kunya ta hana a bi mutane a ce su dawo da abin da aka ba su na tunawa da ɗan'uwansu. Ba a yin haka. Shekaru suka yi ta wucewa a kan wannan kunyar.

Rakiya tana goye a lokacin. Ta girma, ta yi karatu a Maraɗi, ta iya aikin kwamfuta. Bara ta zo ta ce za ta buɗe wa mahaifinta shafi a yanar gizo, ta sa hotonsa da tarihinsa da littafinsa, duk mai waya ya karanta. Na ce wane littafi? Ta ce wanda za mu je mu tattaro. Ita ba ta da irin kunyarmu, kuma na gode wa Allah da hakan.

Mun shiga mota mun bi dangi. Abin da na gani ya sa na daina jin haushin da na daɗe ina ɓoyewa. Ba wanda ya naɗe ƙosai da takardarsa. Yayarsa ta Gidan Rumji, wadda ba ta karanta boko ba, ta fiddo nata daga ƙasan kwalla, naɗe cikin farin ƙyalle yana ƙamshi. Rakiya ta karanta mata shafin farko, inda mai rediyo ya saka hular wata jam'iyya ya tafi taron wata. Tsohuwa ta riƙe baki.

"Mi? Ashe ba addu'o'i na ba? Ni ina ta sa mishi turare duk Juma'a!"

Rakiya ta ce, "Gwaggo, ai ladar tana nan."

Ta yi dariya har ta share hawaye, ta ce a ci gaba da karantawa, tana son ta ji ko an kama shi.

Ni ce na jera babobin, domin ni kaɗai na san wanda ke bin wani. Duk sun samu sai na ƙarshe. Shi ne ya tafi Cadakori wurin ƙanensa, wanda ya adana shi a saman bangon ɗaki, gara ta bi ta cinye. Da ya gaya mana bai iya ɗaga ido ba.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da wannan zamani. Mutumin da yake tsayuwa a tasha cikin rana yana jiran shafi guda, yau darasin rubutu yana cikin aljihun kowa. 'Yan mata a unguwarmu suna rubuta littafi a waya, da safe su sa babi, kafin azahar an yi musu sharhi daga Damagaram da Katsina. Ina jin zai yi murna, kuma zai yi mita cewa suna saki kafin su karanta wa kowa da ƙarfi. Abin da ke ci mini rai shi ne, bai taɓa samun mai karatu ba sai mace ɗaya da ƙwaryar gyaɗa, ita ma a rana ta ƙarshe gardama ta yi masa.

Rakiya ta buga duka ta ɗora, shafi ya tsaya babu ƙarshe. Ta zo ta zauna kusa da ni ta ce, "Inna, ke kin ji ƙarshen. Faɗa mini in rubuta, zan ja layi in ce daga nan bakin matarsa ne."

Ƙarshe biyu ne a kaina, nasa da nawa, kuma ba mai rai da ya san haka sai ni. Da na ce mai rediyo ya koma gida ya ci tuwo, ba wanda zai musa. Wataƙila ma abin da Malam ya rubuta ke nan daga baya, ya faranta mini, gara ta riga ni gani. Amma wannan zato ne. Abin da na tabbata na ji daga bakinsa ɗaya ne. Kuma a shekarun da suka biyo baya na ga motoci da yawa sun wuce sun bar masu lasifika a hanya.

Na ce mata ta buɗe kwamfutar. Na faɗi yadda ya faɗa, iyakar abin da na iya tunawa, har inda ƙurar motar ta lafa. Rakiya ta tsaya da bugawa ta ce, "Inna, wannan ƙarshen ya yi zafi."

Na ce, "Haka na gaya masa ni ma. Rubuta."

Hulunan da aka raba sun tsufa sun yage, lakol ɗin da ya koyar an sake mata gini. Abin da ya rage shi ne labarinsa, a haɗe wuri guda karo na farko tun da ya bar duniya, kuma ya ƙare inda mai shi ya so. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa. Gardamar da muka bari a tsakar gida, na bar masa.