Tamostat ɗin motar Baba Sahabi

Har yau ban manta da ranar da Oga ya tura ni Talata Mafara gyaran hita ba. E, hita. Shekarata shida a garejinmu na Gusau, daga wankin noti har na zama mai duba lagireto da AC, ban taɓa jin an kawo ƙarar hita ba sai ranar. Wata Juma'a ce cikin Disamba, sanyi ya kankama.

Motar na san ta, don da bazara ni na yi mata sabis. Tsohuwa ce mai ƙofa biyu, rufinta na tampol, ana naɗe shi baya a bar kai a buɗe. Mai ita Baba Sahabi, tsohon ma'aikacin dam na Maradun, wai wurin wani Bature ya saye ta tun Oga yana firamare.

Da na isa gidansa, bayan mun gaisa, mun sake gaisawa, Baba ya ce, "Wagga mota shekara da shekaru tana ɗuma muna ƙafa. Bana iska kawai take hurawa. Mi kunka yi mata?"

Ga yadda abin yake. Duk Asabar bayan asuba yana kai matarsa Hajiya garin Bakura, wurin yayarta da ke kwance. Hajiya na fama da sanyin ƙashi. Satin da ya wuce ta dawo gwiwa a kumbure, kwana biyu ba ta taka ba. Ɗansu Nasiru ya kira daga Abuja ya ce in motar ba ta gyaru kafin gobe ba, zai sa a ajiye makullin, ya turo wata da direba.

"Direba," in ji Baba. "Ni da na koya mishi tuƙi."

Ga waɗanda ba su sani ba, hita ba wutar kanta gare ta ba. Ruwan inji ne in ya yi zafi yake bi ta wani ɗan lagireto a ƙarƙashin dashbod, fanka ta huro ɗumin. Na duba fis, lafiya. Fanka na juyawa. Na cire tiyo na wanke ɗan lagireton, ba toshiya. Na tayar da mota na jira, allurar zafi ko motsi. Har aka sauko daga masallaci ina abu ɗaya.

Na kira Oga. Ya ce, "Ka ce musu tsufa ne. Mota mai tampol ina za ta riƙe ɗumi? Ka dawo, aiki na jira."

Na fara haɗa sifanoni ke nan, Baba ya fito da wani babban gwangwanin madara. Ashe duk abin da makaniki ya taɓa cirewa a motar sai ya karɓa ya adana. Ya zazzage a kan tabarma: tsofaffin fulogi, washar noti, guntun bel. Can na hango wata baƙar leda da ƙullina. Na kwance ta.

Tamostat ne. Kun dai san al'adarmu, mota ta shigo, an buɗe inji, a cire shi a jefar. Haka aka koya min: na Turawa ne, mu nan zafi ya yi mana yawa. Aikinsa shi ne ya tare ruwa a cikin inji har ya yi zafi kafin ya sake shi zuwa lagireto. In babu shi, da safiyar sanyi ruwa yawo kawai yake, ba ya ɗumi. Ni na cire shi da bazara, ba wanda ya ce in cire.

Na ce, "Baba, wannan ne. Ni na cire."

"Na sani, kai ka ba ni shi. Da ka cire, ka san aikinai?"

"An ce mana ba shi da amfani."

"Wa ya ce?"

In na bi salsalar maganar, har kan ogan Oga za ta kai.

Na roƙi ruwan zafi don in gwada ko yana da rai. Hajiya ta leƙo ta ce, "A tukunyar shayina za ku dafa ƙarfe?" Ta dai bayar. Na jefa tamostat ɗin a ciki, ruwa na tafasa ya buɗe baki a hankali. Na yanka gaskit da kwali don kada ruwa ya yi yoyo, na mayar da tamostat ɗin, na cika ruwa. Da rana ba a gane hita, don haka na kwana wurin abokina, na ce wa Oga sai gobe.

Asabar da asuba muka kama hanyar Bakura. Baba na tuƙi, Hajiya a gefensa, ni a ƙanƙane a kujerar baya. Ba mu gama fita gari ba allura ta tashi. Zan faɗa muku gaskiya: hita a irin wannan mota ƙafa da gwiwa kawai take ɗumawa. Daga ƙirji zuwa sama sanyi na shigowa ta kowace kafar tampol. Ni a baya haƙorana har haɗuwa suke.

Muna tafe Nasiru ya kira. Hajiya ta ɗauka, ta sa a sifika.

"Inna, ya sanyin?"

"Ƙafafuna har zufa suke. Bar wa ubanka makullinai."

"To kai da wuya fa?"

"Wannan aikin mayafi ne, ba na mota ba."

Baba ya gyara zama ya ƙara giya.

Da na koma Gusau na ba Oga labari. Ya yi dariya ya ce ai mota ɗaya ce cikin dubu. Wataƙila. Amma tun daga ranar ba na cire abin da ban iya faɗa wa mai mota aikinsa ba. Kuma duk abin da na cire, ko ɗan noti ne, a leda nake ƙullewa in miƙa wa mai shi. Da Baba ya bar ni na jefar da nasa a bola, da yanzu direba ke kai Hajiya Bakura, ni kuma ina nan ina cewa tsufa ne.