Kawu Bukar da Motar da Take Fito

Duk wanda ya taɓa kai mota garejin Kawu Bukar a Fagge ya san sallama kawai yake amsawa, gaisuwa kuwa sai ya gama saurare. Zai zaro guntun tiyon nan da ke rataye a wuyansa, ya kafa baki ɗaya a kunne, ɗayan ya riƙa bin inji da shi. Ko tari ka yi sai ya harare ka: "Yi mana shiru, mara lafiya na bayani!"

Jiya a wajen sadakar bakwai ta rasuwarsa ina jin ku, wai mai haƙuri ne, wai mai fara'a. Ƙarya kuke, wallahi! Yayan mahaifiyata Falmata ne, na fi ku saninsa. Ni ya kora daga garejin ina saurayi, ya ce kunnuwana na ado ne.

Kun tuna wani Alhaji da ya zo da ƙatuwar jif, wai tana fito in ya kama hanyar Zariya? Kawu ya sa shi ya saka giya a firi ya taka totur. Shiru.

"Sai tana gudu take yi?"

"Ƙwarai."

"To injinka lafiya lau, iska ce." Ya zagaya, ya sami robar gilashin ƙofa ta ɓalle, ya danna ta da babban yatsa. "Tafi."

Alhaji ya ce, "Haba Malam, tun daga Kwaciri na zo, ka canza wani abu mana!"

"Canza hular nan, ba ta karɓe ka ba."

Ga Madam Rahila, malamar makaranta a Sabon Gari. Tata motar tsuwa take da zarar an ba ta wuta, sai baiwar Allah ta sayo sabon fanbel ta taho da shi. Kawu ya ɗauki butar alwalarsa ya tsiyaya wa tsohon fanbel ɗin ruwa, ƙara ta ɗauke, can ta dawo. Ya ce sakewa ya yi kurum. Ya ɗaure shi, ya miƙa mata sabon a ledarsa.

"Baba, ai na riga na saya!"

"Da shawarar wa? Kai gida ki rataye a falo. Tsohon nan sai ya ga auren 'yarki."

To wannan duk abin dariya ne a wurinku. Ga nawa.

Shekara tara ina tuƙa wani ɗan kasuwa mai shagon yadi a Kasuwar Sabon Gari. Motarsa ta fara fito, siriri, da na taka totur sai ya tashi, na saki ya lafa. Shi da kansa ya tura ni garejin masu kwamfuta a Titin Ibrahim Taiwo. Suka jona waya, suka canza altaneta. Fito. Suka canza fanbel da fulogi. Fito! Sai maigida ya tsayar da ni a bakin shago, gaban maƙwabta, ya ce baki na haɗa da makanikai muna cin sa. Ya ba ni zuwa Juma'a: ko fito ya tafi, ko ni in tafi. 'Ya'yana shida, aikin nan kaɗai ne da ni.

Na haɗiye girman kai na tafi wurin Kawu. Ya saurara bai fi minti ɗaya ba, na ga a fuskarsa ya gano. Sai ya cire tiyon ya miƙo mini.

"Nemo."

"Kawu, aikina fa zai tafi!"

"Kai ɗan Falmata, shekara tara kana zaune a bayan injin nan, ba ka san muryarsa ba? Nemo!"

Ya ɗaure totur da waya, ya koma benci yana cin goro. Rana tana dukana, inji yana gasa ni, ina bin tiyo ɗaya bayan ɗaya ina zaginsa a zuci. Can bayan inji, inda hannu ke shiga da ƙyar, fiton ya soke ni a kunne. Wata 'yar roba ce kamar yatsa, bakinta ya tsage, inji yana zuƙar iska ta nan. Kawu ya ɗiga mata fetur, ƙarar injin ta ɗaga. Ya sa reza ya yanke tsagaggen bakin, ya mayar. Na taka totur har ƙasa. Shiru kake ji.

Da a nan ya tsaya, da yau ni ma ina cikin masu yabo. Ina! Sai ya shige gaban mota da kayansa na baƙin mai, ya ce mu je. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, ya ce in ja.

A tsakiyar layin 'yan yadi ya ajiye guntuwar robar a kan teburin maigida, ya ɗaga murya: "Alhaji, ga ɓarawonka! Ɗan ƙanwata ba ya sata, wauta ce kawai ke damunsa. Amma kai ka fi shi, tunda kai ka aike shi wurin masu tambayar talabijin ciwon mota."

Layi ya kwashe da dariya. Kafin la'asar an karɓe makulli a hannuna. Fito ya tafi, ni ma na tafi!

Wata goma sha ɗaya ina zaune kafin na sami Adaidaitar da nake ja yanzu. Na je na zazzage wa Kawu, ya ce, "Da ka zauna da maigidan nan, da har ka mutu yana ƙirga fetur a bayanka." Ko haƙuri bai ba ni ba. Shekara biyu na daina taka garejin, ya aiko sau biyu na ƙi, har aka bugo mini waya a zo a ɗauki gawa.

Har yanzu ina jin haushinsa, ba zan ɓoye ba. Amma ranar jana'iza wani tsoho daga layin 'yan yadi ya riƙe hannuna ya ce, "Kai ne direban nan da ba ya sata?"

Allah Ka jiƙan Kawu Bukar, Ka yafe masa bakinsa, Ka yafe mini shekara biyun nan. Yadda ya wanke ni a gaban mutane, Ka wanke shi a gabanka. Amin.