Masta Sanni da rijiyar da ke ƙarƙashin gadon Hajiya

Babu wanda ya mutu a gidan marigayi Alhaji Mukhtari mai goro ranar da daɓen ɗakin Hajiya Barkisu ya rufta. Abin ya faru ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, bayan azahar, a Zangon Kumasi, ana yayyafi. Inda gadon tsohuwar ya shekara talatin yana tsaye, rami ne ya buɗe, zurfinsa ƙafa ashirin da shida. Ita kuwa ta bar ɗakin kwana uku kafin nan.

Wanda ya fitar da ita magini ne, Masta Sanni Abdul-Manan, mai shekara sittin da takwas. Ƙarshen bana zai ajiye aiki, bayan shekara arba'in da biyar yana gyaran daɓe da harsashin tsofaffin gidaje. Babu gini ko ɗaya a Kumasi da ke ɗauke da sunansa.

Kullum bayan asuba yakan fito daga gidansa a Asokore Mampong, ya sha koko a bakin titi, ya hau motar haya zuwa Zango. A jakarsa akwai guntun rodi, da ƙwallon boris da wani makanike ya ba shi, da yankakkun gilasan taga masu faɗin yatsa biyu. Idan ya shiga gida ba ya tambayar siminti. Sai ya nemi a kashe rediyo, ya tuɓe takalmi, ya bi daɓe taku-taku yana ƙwanƙwasawa da rodin, kansa a karkace.

Yawancin gidajen da ke gangaren Zango a kan yumɓu suke. Idan damina ta sauka yumɓun ya sha ruwa ya kumbura, ya ɗaga gida. Idan rani ya yi ya tsuke, gida ya zauna. Masta yakan ce, "Ƙasar nan numfashi take yi. Gidan da ke kanta kuwa ba shi da haƙarƙari."

Saboda haka ba ya cike tsaga ranar da ya gan ta. Yakan manna gilas ɗaya a kanta, gefe da gefe, ya rubuta kwanan wata a bango, ya tafi. Idan ya dawo ya tarar gilas ya fashe, tsagar tana da rai, sai an haƙa an ga abin da ke motsa ta. Idan bai fashe ba, ta mutu, sai a cike. Masu gaggawa suka laƙaba masa Masta Sai-na-dawo. Wasu matan kuma suna hana yara taɓa gilasan, suna cewa idonsa ne ya bari a gidan.

A Oforikrom akwai gidan da ƙofar ɗaki ke kulle kanta duk watan Yuni, ta buɗe da kanta a Disamba. Shekara huɗu ba mai kwana a ciki. Masta ya gano cewa a gindin bangon nan mutanen gida ke alwala sau biyar a rana. Ya matsar da wurin alwala, ya ja kwata. Ƙofar ba ta sake kulle kowa ba.

Gidan Alhaji Mukhtari ya fi wannan wuya. An gina shi tun kafin 'yancin kai, da tsakar gida mai faɗi. Duk ɗan da ya yi aure sai a yanki tsakar gidan a yi masa ɗaki, har ɗakuna suka kai goma sha huɗu, mutane talatin da ɗaya. Ɗakin Hajiya Barkisu, matar marigayin mai shekara tamanin da huɗu, yana cikin waɗanda aka ƙara.

Safura, mai sayar da wake da shinkafa, ita ce ke haya a ɗakin da ke jikinsa. Ta ce alamun sun daɗe. A tsakiyar rani, rana tsaka, sai a ga da'irar danshi a ƙarƙashin gadon. Iska mai sanyi na fitowa daga wurin ko taga a rufe. Kyanwar gidan tana shiga kowane ɗaki, amma a wannan sai ta tsaya a bakin ƙofa. Wani lokaci kuma akan ji ƙara siririya, kamar ana zuba gero a ƙwarya daga nesa. An yi saukar Alƙur'ani sau biyu, an yi turare. Hajiya ba ta tsorata ba. Ta ce a ɗakin Alhaji ya cika, idan shi ne ke motsi, ai mijinta ne.

Daɓen kuma yana tsagewa. A 'yan shekarun nan, duk shekara kafin Babbar Sallah 'ya'yanta sukan sa a zuba sabon siminti a kan tsohon, don baƙi kada su ga ɗakin uwarsu da tsaga. Ranar Asabar, 11 ga Mayu, babban ɗanta Abdul-Fatawu ya kira Masta don a yi na bana.

"Masta, ba dogon aiki ba ne koraa, ko kaɗan," in ji shi. "Ka shafe mana kawai. Ban da gilasan nan naka, Sallah ta matso."

Masta ya ajiye ƙwallon boris a bakin ƙofa. Ƙwallon ya gangara shi kaɗai ya shige ƙarƙashin gado. Masta ya ajiye shi ta wajen taga, ƙwallon ya sake komawa can, ya zaga sau biyu ya tsaya. Masta ya miƙa rodi ya ƙwanƙwasa wurin. Safura ta ce amon kamar an buga tulu ne ba ruwa. Sai ya sare gefen daɓen a bakin ƙofa ya ƙirga: hawa bakwai, kowanne da launinsa.

"Ko cokali ɗaya ba zan zuba ba," in ji shi. "Mma ta fita daga ɗakin nan yau."

Hajiya tana zaune a bakin gadon. Ta ce, "Sanni, na san ka tun kana ɗaukar kwanon kankare a ka, hanci duk majina. Yau kai ne za ka kore ni daga ɗakin mijina?"

"Ni wa, Mma? Ban isa ba. Aron butarki nake so."

"Alwala za ka yi a ɗakin mace? Ka tsufa ba kunya."

Aka yi dariya, ta tura masa butar da ƙafa. Ya ce kowa ya tsaya a waje, ya yi shiru. Ya kwanta rub da ciki, ya miƙa hannu ƙarƙashin gado, ya tsiyaya ruwan a cikin tsagar. Ruwan ya shige, bai taru ba. Shiru. Sai can ƙasa, nesa, aka ji ruwa ya faɗa kan ruwa.

Dariya ta ɗauke. Hajiya ta ce, "Sake."

Ya sake. Aka sake ji.

Ta dubi tsakanin ƙafafunta. Sannan ta ce, "Rijiya ce." Ta ce shekarar da aka kawo famfo, surukinta ya sa aka jera katakon odum a bakinta, aka zuba kankare a kai. Da itacen mangwaro ake gane wurin. An sare mangwaron, an yi ɗakuna, waɗanda suka sani sun mutu. Abdul-Fatawu ya ce bai taɓa jin labarin ba. Yumɓun da katakon ke zaune a kansa ya shekara sittin yana kumbura yana tsukewa, yana zubewa ciki kaɗan-kaɗan. Geron da ake ji ke nan. A kan wannan ne aka ɗora daɓe hawa bakwai.

Hajiya ta ɗauki carbinta. Masta ya ce ta bi jikin bango, ta bi. Bai bar kowa ya shiga ɗauko gado ba. Igiya ya ɗaura a ƙafar gadon, aka jawo shi daga bakin ƙofa. Ya rufe ɗakin, ya buga ƙusa uku.

Ranar Talata Safura tana wanke tukunya a tsakar gida. Ta ce ba wata babbar ƙara aka ji ba, kamar dai an sauke buhun gawayi. Sai iska mai sanyi ta fito ta ƙarƙashin ƙofar da aka buga wa ƙusa, ta kora ƙura har gindin tukunyarta, da warin tsohon ruwa.

Gyaran ya ci mako biyar. An cike ramin da dutse da jar ƙasa, ana dannawa hawa-hawa. An kwashe yumɓun ɗakin har zurfin gwiwa, aka maye da tsakuwa, aka shimfiɗa leda, aka saƙa rodi, aka zuba kankare hawa ɗaya tak. Kwana bakwai Masta yana zuwa da kansa yana jiƙa buhunan da aka rufa a kai. Kafin simintin ya kama, ya ɗauki ƙusa ya zana da'ira daidai bakin ramin, ya rubuta RIJIYA a ciki, da boko da ajami. Abdul-Fatawu ya ce zai ɓata ɗakin. Masta ya ce, "A shimfiɗa darduma a kai. Amma a bar wa jikokinka su karanta."

Masta Sanni, kai ne wanda aka kira ya rufe, ya ƙi. Kai ne ka haɗiye sunan tsiya shekara da shekaru don ka ce a jira damina ta ba da shaida. Ranar nan ba ka yi gardama da tsohuwa ba, ba ka ƙaryata abin da ta yi imani da shi ba. Butarta ka ara, ka bari ta ji da kunnenta. Mai sauraron ƙasa, an gode. Allah ya saka, ya sa ka gama lafiya.

Ga magina masu tasowa, abin koyi bai wuce abin da ke cikin jakarsa ba: a ƙwanƙwasa kafin a zuba. Ga masu tsofaffin gidaje kuma, a zauna da tsofaffin gida tun suna nan, a tambaye su me ke ƙarƙashin ɗakunan. Abin da aka rufe, a rubuta a kansa.

Ranar da Hajiya ta koma ɗakinta, ta taka daɓen da dunduniya, ta karanta ajamin, ta sa albarka. Sai ta ce, "Yoo, Sanni, ka yi ƙoƙari. Wannan ai ƙaramar rijiyar ce, ta ruwan sha. Babbar fa, wadda ake wanke goro da ruwanta?"

Ba ta tuna inda take ba. Ta ce dai tana cikin gida.

Tun daga nan Masta ya bi ɗakuna goma sha ukun da suka rage. Kunnensa na hagu ya mutu, na dama yana bi, dalilin ajiye aikin ke nan. Yanzu sai ya danna kan rodin a muƙamuƙinsa ya ji da ƙashi. Ɗakuna goma ya ce lafiya. Uku, har da na Safura, an shimfiɗa musu tayil, amonsu bai fito masa ba, ya manna gilas a jikin bangon kowanne.

Ranar Alhamis da ta wuce, Safura ta dawo daga kasuwa ta tarar gilashin ɗakinta ya rabu biyu. Masta ya duba, ya ce yana iya zama yumɓu ne kawai, tunda ruwan Oktoba ya yi yawa. Ya kuma ce ta kwashe kayanta tukuna.

Har yau ba a gano babbar rijiyar ba.